Yadda Mai Bi Zai Auna Abin da Ya Karanta a Littattafan Aure da Iyali

Karatu: Farawa 2:18-25, Ayyukan Manzanni 17:10-12



Kwanakin baya wani ɗan'uwa daga cikin ikkilisiyarmu ya same ni a ofis bayan sujadar safe, riƙe da wani littafin Turanci a kan zaman aure. Ya ce, "Fasto, don Allah ka kira matata ka karanta mata wannan. Ni in na faɗa ba ta ji." Na karɓa na buɗe. Ya bi littafin da jan biro, ya ja layi a ƙarƙashin duk inda aka yi maganar biyayyar mace, da ladabinta, da tattalin kuɗin cefane. Babin da ke magana da mazaje kuwa fari fat yake, kamar ba a taɓa buɗe shi ba. Ban yi masa dariya ba, domin na san irin wannan jan biro. Ni ma na taɓa riƙe shi.

Littattafan aure da renon yara sun yi yawa yanzu a hannun mutanenmu. Ana sayensu a shagunan littattafai na Jos da Bukuru da Kaduna, ana ba da su kyauta a ranar biki, matasa kuma suna tura wa juna ta WhatsApp. Wannan abin godiya ne. Amma littafi irin wannan ba ya barin mutum yadda ya same shi. Wani ya karanta ya ji kunya, wani ya ji haushi, wata ta rufe littafin ta yi kuka domin gidan da aka kwatanta a ciki bai yi kama da nata ba ko kaɗan. Abin da nake so mu duba shi ne me mai bi zai yi da wannan abin da ya ji. In littafi ya soke ka, sukar tana iya zama ta Maganar Allah, tana kuma iya zama ta al'adar ƙasar marubucin kawai. Ta farkon dole a durƙusa mata. Ta biyun ana iya ɗauka, ana iya bari. Wanda bai iya rarrabe su ba zai cuci iyalinsa, ko dai ta wurin haɗiye kome, ko ta wurin tofar da kome.

Bari in fara da littafin da ya fi taɓa ni. Sunansa I Married You, wato na aure ki, ya fito a 1971. Wanda ya rubuta shi, Walter Trobisch, fasto ne Bajamushe, amma ba baƙo ba ne ga zaman Afirka. Shi da matarsa Ingrid sun yi aikin bishara a Kamaru, ya kuma koyar a wata makarantar sakandare ta Kirista a Libamba. Kafin wannan ya wallafa I Loved a Girl, wasiƙu tsakaninsa da wani matashin malami da aka kora daga aiki saboda ya kwana da yarinya, daga baya kuma tsadar sadaki ta tsaya tsakaninsa da wadda yake so ya aura. Duk wanda ya taɓa zama a kan tabarmar neman aure a ƙasarmu zai gane mutanen da ke cikin waɗannan wasiƙu.

A cikin I Married You ya gina koyarwarsa duka a kan aya ɗaya, Farawa 2:24, wadda Yesu ya maimaita a Matiyu 19:5 da Markus 10:7-8, Bulus kuma a Afisawa 5:31. Ya nuna abu uku a cikinta: mutum ya bar iyayensa, ya manne wa matarsa, su zama jiki ɗaya. Shi ya zana su kamar alwatika. Ni in ina koyarwa nakan ce murhu ne mai duwatsu uku, ka cire ɗaya tukunya ta kife. Ya kwatanta barin iyaye da yanke cibiyar jariri.

Na karanta wannan a shekara ta biyu da aurenmu. A lokacin mahaifina bai daɗe da rasuwa ba, na ɗauko Mama daga ƙauye tana zaune tare da mu a gidan fasto, ɗaki biyu da falo. Abin da na fara ji shi ne haushi. Na ce a raina, Bature me ya sani game da gwauruwar da ta sayar da akuyoyinta ta biya mini kuɗin makaranta? Na ajiye littafin wajen mako biyu. Amma maganar ta ƙi barina, domin na san abin da ke faruwa a gidana. In an biya ni albashi, Mama ce take fara sanin nawa ne. Da aka gaya mini za a yi mini canji zuwa wata ikkilisiya, da Mama na fara shawara, matata kuwa a bakin Mama ta ji labarin suna tsintar shinkafa. Ba wanda ya yi faɗa da wani. Matata dai ta rage magana, ni kuwa na ɗauka natsuwa ce ta matar fasto.

Da na koma ga littafin sai na faɗa rami na biyu, wanda ya fi na farko zurfi. Na ce to, tun da an ce a bari, bari in bari gaba ɗaya. Na shirya a zuciyata in mayar da Mama ƙauye bayan girbi, in riƙa aika mata da abin da ya samu. Da dare na gaya wa matata, ina jiran ta yi mini godiya. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Maigida, yaushe na ce maka a kori Mama? In ka mayar da ita, da wane ido zan dubi danginku? Wa zai kai ta asibiti in ƙafar nan ta tashi? Abin da nake so ƙarami ne. In ji maganar gidana daga bakinka kafin in ji ta a bakin wani."

A daren nan na gane cewa na karanta littafin sau biyu, amma ban buɗe ayar da yake magana a kai ba ko sau ɗaya, ni da na yi shekaru ina koyon Ibrananci a makarantar tauhidi. Mutanen Biriya, waɗanda Luka ya yaba a Ayyukan Manzanni 17:11, sun karɓi wa'azin Bulus da murna, duk da haka kullum suna komawa ga Nassi su ga ko haka ne. In an auna Bulus manzo, balle wani marubuci na zamaninmu.

Ga abin da na samu da na koma. A Isra'ila ta dā, namiji ba ya tashi daga gidan ubansa in ya yi aure. Amarya ake kawowa, kamar yadda muke yi. An kawo wa Ishaku Rifkatu daga nesa (Farawa 24). 'Ya'yan Yakubu da matansu da 'ya'yansu suna tare da tsohon har suka gangara Masar. Duk da haka ayar namiji ta ce ya bari. Ashe barin da ake nufi ya wuce maganar ɗaukar kaya a sāke unguwa. Kalmomin Ibrananci biyu da aka mora, azab da dabak, kalmomin alkawari ne. Da ta farkon annabawa suke zargin Isra'ila cewa ta rabu da Ubangiji, da ta biyun kuma Musa ya umarce su su manne masa (Maimaitawar Shari'a 10:20). Maganar ita ce wa ke da wuri na fari a amincinka. Kafin aure iyayenka ne, bayan Allah. Daga ranar aure matarka ce. Mutum yana iya zama a Legas, uwarsa tana ƙauye, amma bai bari ba, domin ba ya yanke shawarar kome sai ya buga mata waya. Wani kuma katanga ɗaya ce tsakanin ɗakinsa da na uwarsa, amma ya bari, domin kowa a gidan ya san matarsa ce abokiyar shawararsa.

Abin da ya ƙara ba ni mamaki shi ne littafin Rut. Waɗannan kalmomi biyu suna nan a sura ta fari, aya 14 da 16, amma a can matar ɗa ce ta manne wa uwar mijinta ta ƙi barinta. A Markus 1:29-31, gidan da Yesu ya shiga na Bitrus ne da ɗan'uwansa Andarawas, surukar Bitrus kuma tana kwance a ciki da zazzaɓi. Yesu ya tsauta wa Farisiyawa da suka koya wa mutane su ce dukiyarsu keɓaɓɓiya ce ga Allah don su guje wa taimakon iyaye (Markus 7:9-13). Yana kan gicciye ma sai da ya danƙa uwarsa a hannun almajirin da yake ƙauna. Bulus ya ce wanda ya ƙi kula da danginsa, musamman na gidansa, ya yi musun bangaskiya (1 Timoti 5:8). Saboda haka sukar da na ji kashi biyu ce. Cewa na bar matata a baya wajen shawara, wannan daga Allah ne, na kuwa roƙi gafararta. Cewa gidan Kirista na gari shi ne miji da mata da yara su kaɗai a bayan ƙofa rufaffiya, wannan hoto ne da na tsinto daga littattafai da finafinan Turawa na liƙa wa ayar. Ba zan ɗora wa Trobisch laifin ba, ni ne na yi gaggawa. Mama ta zauna da mu har Ubangiji ya kira ta, matata ce kuma ta yi jinyarta.

Yanzu kada wani ya ji wannan ya ce, yauwa, dama duk waɗannan littattafai al'adar Turawa ce. Wannan ita ce mafakar da mu maza muka fi so, ita ce kuma ta fi haɗari. A cikin littafin nan Trobisch ya taɓa wani abu da ke namu sosai. Ya kwatanta tunanin da ke ɗaukar mace kamar gona, namiji kuma mai shuka. Wanda yake da wannan tunani, in gonar ba ta ba da amfani ba sai ya nemi wata, in yana da hali ma ya ƙara gonaki. Sa'an nan ya nuna cewa Farawa 2:24 ta ƙare ba tare da ta ambaci 'ya'ya ba. 'Ya'ya albarka ce babba, amma ba su ne suke mai da aure ya zama aure ba. Na duba, haka ayar take. Nawa ne daga cikinmu suka ga 'yar'uwa mai bi ta shekara bakwai ba haihuwa, dangin miji suka fara kawo maganar wata yarinya a ƙauye, wani lokaci har da sa bakin dattijon ikkilisiya, ba a ma taɓa cewa mijin ya je likita ya duba shi ba? A nan littafin ya soki al'adarmu, Nassi kuma yana bayansa. Haka yake game da dukan mata, da hana matar mamaci gadon mijinta, da fifita ɗa namiji a kan mace wajen makaranta. In marubuci daga Amurka ne ko daga Jamus ya faɗa, asalinsa bai rage wa gaskiyar nauyi ba.

Abin da ya sa na amince da mutumin shi ne ƙarshen littafin. Bayan ya kwashe kwanaki yana koyar da aure yana ba mutane shawara, matarsa ta iso, sai ga shi su ma sun sami saɓani, ya kasa yi mata abin da yake koya wa wasu. Bai ɓoye ba, ya rubuta. Marubucin da ya nuna maka gidansa ba tabo, ka riƙe littafinsa da hannu biyu kana lura.

Littafi na biyu shi ne wanda matasanmu suka fi sani, The Five Love Languages na Gary Chapman, faston Baptis a jihar Karolina ta Arewa a Amurka, wanda ya fito a 1992. Ya ce mutane suna jin an ƙaunace su ta hanyoyi biyar: kalmomin yabo, zama tare ba gaggawa, kyauta, taimako da aiki, da taɓa jiki. Kowa da hanyar da ta fi shigarsa, sau da yawa kuma miji yana nuna ƙauna ta hanyar da matarsa ba ta ganewa. Wannan rabo biyar ba ya cikin Littafi Mai Tsarki, lura ce ta mai ba da shawara, kada kowa ya yi wa'azinsa kamar Dokoki Goma. Amma tushensa yana kusa da 1 Bitrus 3:7, inda aka ce wa maza su zauna da matansu da fahimta. Namiji ya san matarsa kamar yadda manomi ya san ƙasar gonarsa, kai, fiye da haka.

Ni da na gama shi, zumuɗi ya kama ni. Washegari da safe, a gaban yara, na ce wa matata ina ƙaunarta ƙwarai. Ta juyo daga bakin murhu ta dube ni ta ce, "Lafiya dai, Maigida? Me ka yi?" Yaran suka fashe da dariya. Bayan wata guda mahaifinta ya kwanta ciwo, na hau babur tafiyar awa uku na je na kwana biyu a wurinsa, na kai shi asibiti. Har yau in ana hira takan tuna da wannan tafiya. A wurinmu, girmama iyayen matarka, zuwa gaisuwar mutuwa a danginta, biyan kuɗin makarantar ƙanenta ba tare da gori ba, rufa mata asiri a gaban 'yan'uwanka, duk harsunan ƙauna ne, wataƙila ma su suka fi ƙarfi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan bai sa na daina faɗa mata da baki ba, ta ma saba yanzu, sai dai na koyi zaɓen lokaci.

Akwai abu biyu da nake tsoro game da wannan littafi a hannun mutanenmu. Ɗaya shi ne yakan zama takardar bin bashi: ni harshena kyauta ce, ba ka saya mini kome ba, don haka ba ka ƙaunata. Ƙaunar da Afisawa 5:25 ta sa a gabanmu ita ce ta Kristi wanda ya ba da kansa, bai jira a fara biyansa ba. Ɗayan kuma shi ne talaka ya ji kamar aurensa bai cika ba domin ba ya iya kai matarsa cin abinci a otal. Manomin da ya dawo daga gona ya karɓi gatari ya faskara wa matarsa itace, ya zauna suka ɓare gyaɗa tare suna hira, ya cika abin da littafin yake nema ko bai taɓa ganin bangonsa ba.

Game da renon yara ba zan daɗe ba. Da yawa sun ji sunan James Dobson da littafinsa Dare to Discipline na 1970. Ya rubuta shi ne domin iyayen Amurka na lokacin da yake gani sun saki horo. Mu kuwa ba ƙarancin bulala ne ciwonmu ba. Uban da ya ɗauki littafin da aka rubuta wa masu sakaci ya mai da shi izinin ƙara duka, ya sha maganin ciwon wani. Ya fi masa amfani ya zauna da Afisawa 6:4 da Kolosiyawa 3:21, inda aka gargaɗi iyaye maza kada su tsokani 'ya'yansu har su karai.

Akwai kuma tsohon littafin nan na John Bunyan, The Pilgrim's Progress, na 1678. Ba littafin aure ba ne, amma farkonsa yakan dame ni: mutumin ya toshe kunnuwansa ya gudu, matarsa da 'ya'yansa suna kiransa ya komo. 'Yan'uwan da danginsu suka juya musu baya saboda sun bi Kristi suna karanta wurin nan da hawaye, domin labarinsu ne. Amma na ga masu hidima da suka mai da shi hujjar barin gida kullum da sunan aikin Ubangiji, yara ba su san fuskar ubansu ba sai a kan bagade. Ya kamata su san wane ne Bunyan. Mai gyaran tukwane ne, ya yi shekara 12 a kurkukun Bedford a Ingila domin ya ƙi daina wa'azi, ya kuma rubuta a wani littafin cewa rabuwa da iyalinsa, musamman 'yarsa makauniya, ta yi masa ciwo ƙwarai. A 1684 ya fitar da kashi na biyu, inda matar da yaran suka kama hanyar su ma. Wanda ya karanta kashi na fari kaɗai, rabin labari ya ji.

Wani abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yawancin littattafan nan da Turanci suke. A gidaje da yawa miji ne ke karanta Turanci, matar kuwa Hausa ko yaren gida, sai shi ya zama mai fassara, ya zaɓi abin da ya ga dama ya faɗa mata. Muna da namu masana. Farfesa Samuel Waje Kunhiyop, a cikin African Christian Ethics na 2008, ya yi magana kai tsaye a kan rashin haihuwa, da auren mace fiye da ɗaya, da halin gwauraye da marayu, abubuwan da ba ka cika samu a littattafan waje ba. Shi ma da Turanci ne. An fassara mana Littafi Mai Tsarki duka da Hausa tun 1932, ga tsofaffi a zumuntar mata da suka shekara 40 a ɗaki ɗaya suna da hikimar da ta fi ta littafi goma, amma ba mu rubuta ta ba. Mu fastoci da muka yi makaranta, wannan bashi a wuyanmu yake.

Kafin a rubuta, shawarata ga ma'aurata ita ce su karanta tare, da murya, babi ɗaya a zama, mai jin Turanci ya juya wa ɗayan duka ba tsallake. Duk ayar da marubucin ya ambata a buɗe ta, a karanta surar daga farko. A tambaya wane irin gida yake gani a ransa da yake rubutu, mutum nawa ke kwana a ciki, wa ke ciyar da tsofaffi. Kada a yanke babbar shawara, kamar ta tashi daga gida ko mayar da wani ƙauye, a makon da aka gama littafi, sai an yi addu'a an kuma ji ta bakin dattawan ma'aurata masu tsoron Allah. In kuma kana karatu fuskar matarka ce kaɗai take zuwa maka a kowane shafi, ko ke fuskar mijinki, a dakata. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Shi ɗan'uwan nan mai jan biro, ban kira matarsa ba. Na buɗe masa Afisawa 5 na ce ya ƙirga. Daga aya 22 zuwa 24, ayoyi uku, da mata ake magana. Daga 25 zuwa 33, ayoyi tara, kusan duka da maza ake. Na ciro shuɗin biro daga aljihuna na ba shi, na ce ya je ya karanta babin nan da ya tsallake, ya ja layi a duk abin da ya shafe shi, in ya gama ya dawo tare da ita mu zauna mu uku. Ya karɓa yana murmushin da bai kai ciki ba. Makonni uku ke nan. Ranar Lahadin da ta wuce na tambaye shi a bakin ƙofar majami'a, ya ce, "Fasto, ban gama ba tukuna. Babin nan yana da tsawo."